Daga Dandali Zuwa Filin Jami'a: Tarihin Motsa Jiki a Ƙasar Hausa da Amfaninsa ga Sabon Ɗalibi

Gabatarwa

Duk shekara idan aka buɗe sabon zangon karatu, akan ga sababbin ɗalibai sun cika harabar jami'a, kowa riƙe da takardunsa yana neman inda zai yi rajista. A cikinsu akwai 'yan ƙasarmu ta Gwiwa da Roni da Kazaure da Babura, samari da 'yan mata waɗanda suka tashi cikin noma da kiwo da ɗiban ruwa da tafiyar ƙasa. In ka dube su a wannan lokaci za ka gan su garau, jiki a murɗe, ido a buɗe. To, amma ka dawo ka sake dubansu bayan wata shida. Wani ya rame, wani ya fara ajiye teɓa, wani kullum yana fama da ciwon kai, wani kuwa barci ya ƙaurace masa sai gab da asuba. In ka tambaya sai a ce maka wahalar karatu ce. Lalle karatu na da wahala, amma akwai wani abin da ba a cika lura da shi ba, watau wannan yaro da ya saba yini yana aiki da jikinsa, yanzu ya koma yini a zaune, daga bencin lacca sai kujerar laburare, daga nan sai gado da waya a hannu.

Manufar wannan maƙala ita ce a bi tarihin motsa jiki a ƙasar Hausa, tun daga dandalin ƙauye har zuwa filin wasan jami'a, domin mu ga abin da muka gada, da abin da Turawa suka kawo, da kuma inda aka yi sakaci. Daga nan sai mu duba abin da wannan tarihi yake koya wa ɗalibin da ke shekararsa ta farko.

Kafin Zuwan Turawa

Bahaushen dauri bai san wani darasi mai suna motsa jiki ba, domin kuwa rayuwarsa gaba ɗaya motsa jiki ce. Da damina yana duƙe a gona tun hantsi bai dubi ludayi ba, daga shuka sai noman farko, sai maimai, sai huɗa. In aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya sai a kira gayya, samari su jeru a kan kunya, makaɗi na zuga su, kowa na son ya riga ɗan'uwansa kaiwa gefen gona. Da rani kuma ga farauta, ga fatauci a ƙasa da jakuna, ga gini da yaɓe. Mata su ma ba a bar su a baya ba, gama daka da surfe da niƙa da jan guga aiki ne da ke gina damtse da baya fiye da yadda ake zato.

Ban da aikin neman abinci, akwai wasanni da aka tsara musamman don gwada ƙarfi da juriya. Da kaka, bayan an kai amfanin gona gida, akan yi bukin kalankuwa, 'yan kokawa su fito daga gari zuwa gari suna neman wanda zai kai bayansu ƙasa. Dambe kuwa asalinsa wasan mahauta ne. Ɗan dambe yakan naɗe hannu ɗaya da zare ya bar ɗayan don kariya, ana kaɗa masa kalangu, kuma da zarar hannun mutum ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa sai a ce an kashe shi. Har yanzu ana tunawa da Shago, wanda waƙoƙin Ɗan Anace suka yaɗa sunansa ko'ina a ƙasar Hausa. Fulanin da ke zaune tare da mu suna da sharo, inda saurayi ke tsayawa a zuba masa bulala ba tare da ya motsa ba.

Yara su ma suna da nasu. Da farin wata maza kan yi langa, kowa ya kama ƙafa ɗaya da hannu yana tsalle da ɗayar, ana tare ruwa kada ya sha. Duk wanda ya taɓa yin langa ya san ba ƙaramin ƙarfin ƙafa da numfashi take bukata ba, ga kuma dabarar haɗa kai, don ƙungiyar da ba ta kare ruwanta ba ita ce a ƙasa. 'Yan mata kuwa suna gaɗa da 'yar gala-gala da carafke. Ba wanda ya rubuta wa waɗannan wasanni manhaja, amma sun yi aikin da manhaja take nufin yi, watau sun ƙarfafa jiki, sun koyar da bin doka, sun kuma koya wa yaro yadda ake karɓar kaye ba tare da riƙo ba.

A fada kuma akwai horo irin na mayaƙa. Masarautar Kazaure, wadda Ɗantunku ya kafa wajen shekarar 1819, ta tashi ne a zamanin da ƙarfin sarki yake kan dawakinsa da 'yan bakansa. Saboda haka sukuwa da harbin baka da jifan mashi abubuwa ne da ake koya tun ana ƙuruciya. Hawan Sallah da muke kallo yanzu ragowar wancan horo ne.

Zamanin Turawa

Su Turawan da suka ci Kano a shekarar 1903 ba su daɗe da mai da motsa jiki darasin makaranta a ƙasashensu ba. A Jamus, wani malami mai suna Friedrich Jahn ya buɗe filin atisaye na farko a Berlin a 1811. A Suwidin, Per Henrik Ling ya kafa cibiyar koyar da atisaye a Stockholm a 1813. A Amurka, Kwalejin Amherst ta ɗauki likita Edward Hitchcock a 1861 don ya kula da lafiyar ɗalibai da motsa jikinsu, aka wajabta wa kowane ɗalibi fitowa atisaye. Ingilishi kuwa nasu ra'ayin ya fi karkata ga wasannin ƙungiya, irin su kurket da ƙwallon ƙafa da hoki, domin sun yi imani cewa a filin wasa ake gina halin shugabanci. Wannan ra'ayi na Ingilishi shi ne ya iso mana.

A shekarar 1909 Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nassarawa ta Kano. Daga nan aka ci gaba da buɗe makarantun lardi da na elementare a ƙarƙashin En'e. Da yake Kazaure tana cikin Lardin Kano, yaron ƙasarmu da ya gama elementare ya kuma ci jarrabawa, Midil ta Kano akan kai shi. A waɗannan makarantu aka fara jera yara sahu-sahu da safe ana ba su umurni, a ɗaga hannu, a sauke, a duƙa, a miƙe, kamar dai kuratan soja. Daga baya manhajar atisaye da Hukumar Ilmi ta Ingila ta fitar a 1933 ta zama jagorar malamai a makarantun Nijeriya shekara da shekaru. Ranar 24 ga watan Mayu kuma, wadda ake kira Ranar Daular Ingila, akan tara makarantu a yi tsere da tsalle da jan igiya a gaban Razdan da sarki.

Inda wasanni suka fi samun gindin zama shi ne Kwalejin Katsina, wadda ta fara aiki a 1921, Gwamna Hugh Clifford ya buɗe ta a 1922. A can wasa wajibi ne ga kowa, tamkar lissafi da Turanci. Ana yin kurket da hoki da ƙwallon ƙafa, da wani wasa da ake kira Fives, wanda ake buga ƙaramar ƙwallo da tafin hannu a jikin bango. Wani malami Bature mai suna Hogben shi ake dangantawa da kawo wannan wasa Arewa. Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello, wanda ya yi karatu a kwalejin daga 1926 zuwa 1931, ya shahara a kansa, bai kuma daina bugawa ba har bayan ya zama Firimiya. Abin mamaki, wannan wasa da a Ingila ba a cika saninsa ba sai a 'yan makarantun masu hali, a Katsina da wasu garuruwan Arewa ya zama na kowa da kowa har yau. An mayar da kwalejin Kaduna a 1938, sa'an nan Zariya a 1949, ita ce ake kira Kwalejin Barewa yanzu, kuma duk inda ta je ta tafi da al'adarta ta wasanni. A Katsina ɗin dai, Sarki Muhammadu Dikko ya karɓi wasan ƙwallon dawaki hannu biyu, ɗansa Usman Nagogo kuma ya zama ɗaya daga cikin gwanayen wasan a zamaninsa.

Dole a yaba wa wannan tsari ta fuska ɗaya, domin ya nuna cewa mai ilmi ma yana da jiki, kuma gumi ba abin kunya ba ne ga malami. Amma yana da aibi guda biyu. Na farko, an ture wasanninmu na gargajiya gefe, aka ɗauke su na jahilai, har ya zama ɗan makaranta yana jin nauyin a gan shi a fagen kokawa. Na biyu, makarantun kaɗan ne, kuma kusan duk na maza ne, saboda haka 'ya'yan talakawan karkara da 'ya'ya mata ba su sami rabo mai yawa ba.

Bayan Samun Mulkin Kai

Da aka sami mulkin kai a 1960, jami'o'i suka fara yawaita. An kafa Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya a 1962, kwalejin da ke ƙarƙashinta a Kano kuma ta zama Jami'ar Bayero a 1977. Dukansu biyu sun buɗe sashen horar da malaman motsa jiki da kiwon lafiya. A 1966 aka yi gasar wasannin jami'o'in Nijeriya ta farko, wadda ake kira NUGA, a Ibadan. Bayan yaƙin basasa gwamnati ta ga wasanni hanya ce ta ɗinke ɓarakar da aka samu, sai ta kafa Hukumar Wasanni ta Ƙasa a 1971, aka yi Bukin Wasanni na Ƙasa na farko a Legas a 1973, shekarar da Legas ɗin ta karɓi baƙuncin Wasannin Afirka karo na biyu. Kaduna ma ta karɓi bukin a 1977. A shekarar 1978 ƙungiyar Raccah Rovers ta Kano ta ci gasar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, abin da ya ƙara wa samarin Arewa ƙaimi ƙwarai.

Ta fannin makaranta, shirin ba da ilmin firamare kyauta na 1976 ya kai azuzuwa ƙauyukan da ba su taɓa ganin allon bango ba, ciki har da na ƙasar Gwiwa. Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977 ta sanya motsa jiki cikin darussan da za a koyar. A waje kuma, Hukumar UNESCO ta fitar da wata yarjejeniya a 1978 wadda ta ce samun ilmin motsa jiki da wasanni haƙƙi ne na kowane ɗan Adam.

Maƙwabtanmu na Jamhuriyar Nijar sun bi wata hanya da ya kamata mu yi nazari a kanta. A 1975, zamanin Shugaba Seyni Kountché, suka fara gasar kokawa ta ƙasa a Tawa, inda kowace jiha ke turo gwanayenta, wanda ya kayar da kowa a ba shi takobi. Gasar ta zama babban bukin ƙasar, ana bin ta a rediyo da talabijin har a garuruwanmu na kan iyaka. Watau su sun ɗauki wasan dandali sun ba shi daraja ta hukuma. A Nijeriya ma daga baya an shigar da dambe da kokawa da langa cikin Bukin Wasanni na Ƙasa, ko da yake har yanzu ba su sami wurin da ya dace da su a makarantu ba.

Inda Gizo Ke Saƙa

An ƙirƙiro Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta, 1991, kuma tun daga nan manyan makarantu suka matso kusa da mu. Akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu a Kazaure, da Jami'ar Tarayya ta Dutse da aka kafa a 2011, da Jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa, da Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Babura da aka kafa a 2021. Yawan 'ya'yanmu da ke shiga jami'a ya ƙaru, wannan abin farin ciki ne. Sai dai idan muka duba tarihin da muka kawo za mu ga wani abu. A dandali kowa ke wasa. A makarantar kwana ta da, dole kowa ya fita fili da yamma, ko yana so ko ba ya so. A jami'a kuwa ba mai tilasta wa kowa, sai wasa ya koma na 'yan tsiraru da ke shirin zuwa gasa, sauran dubbai suka zama 'yan kallo.

Rayuwar gida ita ma ta sauya. Tafiyar da kakanninmu ke yi a ƙasa zuwa kasuwa, yanzu a kan babur ake yin ta. Injin niƙa ya karɓi aikin turmi da dutse. Dandali ya yi shiru a garuruwa da yawa, samari sun koma gidan kallon ƙwallo, suna iya lissafa 'yan wasan Sifen da Ingila ɗaya bayan ɗaya, alhali kuwa su kansu sun shekara ba su yi gudun minti biyar ba. Ba mu kaɗai wannan ya shafa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa a shekarar 2022 kashi 31 cikin ɗari na manyan mutanen duniya, watau kimanin mutum biliyan 1.8, ba sa motsa jiki gwargwadon yadda ake bukata.

Abin da Masana Suka Gano

Wani zai ce, to, mene ne illar zaman? A 1953 wani likita a Ingila mai suna Jeremy Morris ya buga sakamakon binciken da ya yi a kan ma'aikatan motocin safa masu hawa biyu na birnin Landan. Direba da kwandasta mota ɗaya suke ciki, sa'o'in aikinsu ɗaya, amma direba yini yake a zaune, kwandasta kuwa yana hawa bene yana sauka yana karɓar kuɗi. Sai aka tarar ciwon zuciya ya fi kama direbobi, kuma ya fi yi musu kisan farat ɗaya. A 1978 kuma Ralph Paffenbarger ya fitar da nasa binciken a kan tsofaffin ɗaliban Jami'ar Harvard kusan 17,000. Ya gano cewa waɗanda suka ci gaba da motsa jiki bayan sun girma su ne suka fi tsira daga bugun zuciya, kuma wanda ya yi fice a wasa lokacin yana ɗalibi amma ya daina daga baya, tsohon suna bai kare shi da komai ba. Darasin a nan shi ne, ƙarfin da ka zo da shi daga gona ba ajiyar banki ba ne, in ba ka ci gaba da ciyar da shi ba zai zube.

Dalilin haka ba ɓoyayye ba ne. Zuciya tsoka ce, aiki ke ƙara mata ƙarfi. Idan mutum ya yi tafiya da sauri ko gudu, zuciya takan tura jini da yawa zuwa gaɓoɓi da ƙwaƙwalwa, tsokoki su ƙone sukarin da ke cikin jini, hanyoyin jini su saki. Wannan ke rage haɗarin hawan jini da ciwon suga, cututtukan da a da muke ɗauka na attajirai ne, yanzu kuwa sun shiga kowane gida. A ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020, an ce baligi na bukatar minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, ko kuma minti 75 zuwa 150 na mai tsanani, tare da atisayen ƙarfafa tsoka sau biyu a mako. Minti 150 ɗin nan rabin sa'a ne kawai a kwana biyar, watau sa'a biyu da rabi daga cikin sa'a 168 da ke cikin mako.

Amfaninsa ga Ɗan Ajin Farko

Me ya sa muka ware ɗalibin shekarar farko? Domin Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A wannan shekara ce mutum ke fara mallakar lokacinsa, ba uba a kansa, ba malamin horo, kuma tsarin da ya ɗora wa kansa a nan shi yakan bi har ya gama, wani lokaci har tsufa.

Amfani na farko shi ne barci da natsuwa. Jikin da ya gaji da aiki yakan yi barci mai nauyi, kuma a cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke adana abin da aka karanta da rana. Ɗalibin da ya kwana yana shan shayi yana haddar takarda, gari ya waye ya shiga jarrabawa kai a juye, shi ya yi asarar da ta fi ta rabin sa'ar da abokinsa ya ɓata a fili.

Na biyu shi ne sauƙin damuwa. Sabon ɗalibi yana fama da kewar gida, da ƙarancin guzuri, da Turancin lacca da bai saba da shi ba, da tsoron faɗuwa. An tabbatar cewa motsa jiki a kai a kai yana rage alamun damuwa da ƙuncin rai. Wanda ya sami wannan mafita ba zai yi saurin faɗawa hannun masu tallar ƙwaya da maganin tari ba, waɗanda suka lalata mana samari da dama.

Na uku shi ne abokai. Ɗan ƙauye yakan shigo jami'a yana jin kowa ya fi shi wayewa, sai ya laɓe cikin 'yan garinsu kaɗai. A fili kuwa ba a tambayar sunan uban kowa. Wanda ya iya gudu ko tsaron gida, nan da nan za a san sunansa, ya yi abokai daga Ibadan da Inugu da Jos, abin da masu shirya bukin 1973 suka yi fata ke nan.

'Yan'uwanmu mata su ne suka fi cutuwa a wannan tarihi, gama an raba su da gaɗa da turmi, ba a kuma ba su fili ba. Ba dole sai sun fita gaban maza ba. Tafiya da sauri su uku ko huɗu a kewayen ɗakunan kwanansu, da tsallen igiya, da ƙwallon raga a filin da aka keɓe musu, duk sun wadatar, kuma ana iya yinsu cikin suturar mutunci.

Akwai hattara guda biyu. Mai ciwon sikila ko asma ko ciwon zuciya ya nemi shawarar likitan asibitin makaranta kafin ya fara. Kuma a kula da yanayi: da bazara a fita da sassafe ko bayan la'asar, a sha ruwa sosai, da hunturu a guji gudu cikin ƙura mai kauri, da azumi kuma a sassauta ko a bari sai bayan buɗa baki.

Kammalawa

Mun ga yadda kakanninmu suka gina jikinsu a gona da dandali, yadda Turawa suka mai da abin darasi amma suka ware wasanninmu, da yadda bayan mulkin kai aka kafa hukumomi da gasanni, sai dai talakan ɗalibi ya koma ɗan kallo. Shawararmu ga hukumomin jami'o'i ita ce su sanya motsa jiki cikin darussan gama-gari na shekarar farko, a ba shi maki kamar sauran. Ƙungiyarmu ta Hausa kuma, tun da raya al'ada ne aikinta, ya kyautu ta sa gasar langa da kokawa cikin Makon Hausa, kada a tsaya ga waƙa da wasan kwaikwayo kaɗai. Kai kuma ɗan'uwa sabon ɗalibi, ba sai ka jira an kafa doka ba. Gobe da safe ka bar motar haya ta wuce, ka taka zuwa ɗakin lacca da ƙafarka, jibi ka nemi abokin tafiya. Iyayenka sun sayar da gero da akuya sun turo ka nan don ka koma musu da ilmi, kuma lafiyayye suke so su gan ka ranar da ka koma.